Musayar 'yan tsanan Funko daga Gombe: in ba da ɗaya in karɓi uku?

Tambaya: Ni ɗalibi ne, a Tudun Wadan Gombe nake. Yayana ya dawo daga karatu a Ingila ya kawo min 'yan tsanan roba na Funko guda biyar, kowace a kwalinta: biyu 'yan ƙwallo, Salah da Mane, uku na katun ɗin Japan. Ɗaya daga cikin ukun tana da sitika mai rubutun Chase. Wani mutum a Abuja da muke zauren WhatsApp ɗaya ya ce zai ba ni uku in ba shi ita. Na duba intanet na ga an sa wa irinta kuɗi mai yawa. In karɓa? Kuma wannan harka za ta iya zama sana'a?

Amsa: Ƙanena, kada ka sallama yau, kada kuma ka ce masa albarka yau. Ka ce ya ba ka mako guda. Mai niyyar cinikin gaskiya zai jira. Wanda ya hau matsa maka da cewa ga wani can yana jiran kayan, ya nuna maka halinsa tun ba ka yi asarar komai ba. Na daɗe ina shigo da kayan wasan yara, ta nan na shiga tara irin waɗannan 'yan tsana, kuma abu biyu na fi gani suna cutar da sabon shiga: gaggawa, da gaskata lambar farko da ya gani a waya.

Mu fara da abin da ke hannunka. Funko kamfanin Amurka ne. Mike Becker ya kafa shi a 1998 a jihar Washington, Brian Mariotti ya saye shi a 2005, sannan a 2010 suka fito da wannan samfuri mai ƙaton kai da baƙaƙen idanu da suke kira Pop. Tsayinsa bai cika santimita 10 ba, da robar PVC ake yin sa, akasari a Biyetnam da Chana, kuma na gama-gari a kantunan Amurka yana tsakanin dala 10 zuwa 15. Wato asalinsa kaya ne mai araha da ake bugawa da yawan gaske. Mai sitikar Chase kuwa, kamfanin ne da kansa yake jefa guda ɗaya mai ɗan bambanci a cikin kowane shida: ko launi ya sauya, ko tana haske a duhu, ko an yi mata fenti mai ƙyalli, ko an canza abin da take riƙe da shi. A kanti kuɗinta ɗaya da sauran, rabo ne na wanda ya tarar. Ɗaya cikin shida ƙaranci ne, amma ba wanda zai ruɗa ka ba. In an buga dubu sittin, irin taka dubu goma ne a duniya.

Sai kuɗin da ka gani a intanet. Kuɗin da mai kaya ya yanka ne, ko wanda aka biya? A eBay, kasuwar intanet da mutane ke saye da sayarwa, kowa na iya sa wa kayansa dala 200, ya shekara ba wanda ya taya. Akwai wurin da za ka latsa ya nuna maka waɗanda aka riga aka sayar kaɗai, na wajen wata uku baya. Can za ka duba. Ka cire mafi tsada da mafi araha, ka tsaya a kan na tsakiya. Akwai kuma Pop Price Guide da ke shafin hobbyDB, wanda masu musaya da yawa suke auna kaya da shi. Ka san shi, don abokin cinikinka ya san shi, amma ƙiyasi ne kawai, kuma yakan makara: kasuwa ta sauka, shi yana nan a sama.

Ko ka samu lambar gaskiya, da sauran magana, kuma nan ne nake so ka natsu. Duk waɗannan lambobi na kasuwar Amurka da Turai ne, inda masu saye suke da yawa, gidan waya yana kai kaya ƙofar gida cikin 'yan kwanaki, wanda aka cuta kuma yana da inda zai kai ƙara a mayar masa da kuɗinsa. Kai a Gombe kake. Zauna ka ƙirga mutanen da ka sani, daga Tumfure zuwa Pantami, har da 'yan jami'ar jiha da na Kashere, waɗanda za su zaro naira dubu hamsin su sayi 'yar tsanar roba. Ina jin yatsun hannu ɗaya za su ishe ka. Masu wannan sha'awa a Najeriya sun fi yawa a Legas da Abuja. A Legas har taron masu zane da katun ake yi, Lagos Comic Con, tun 2012. Saboda haka kayanka kuɗi biyu gare shi, kuma akwai tazara mai yawa a tsakaninsu. Akwai abin da za ka kashe kafin wata irinta ta iso hannunka a Gombe, akwai kuma abin da za a danƙa maka in ka matsu kana son kuɗi a makon nan.

Na farkon yana da nauyi. A ɗauka dala tana naira 1,500. 'Yar tsanar dala 12 ta zama naira 18,000 tun tana kan kantar Amurka. Kamfanonin jigilar kaya ta sama ba nauyi kaɗai suke aunawa ba, har da girman kwali: tsawo sau faɗi sau tsayi a santimita, a raba da 5,000. Kwalin Pop wajen 16 ne da 11 da 9, don haka ana lissafa shi kusan sulusin kilo, alhali robar cikin ba ta kai haka ba. In an sa shi cikin wani kwalin don kada ya lotse, lissafi ya ƙara hawa. Ga kuɗin kwastan, ga kuɗin mota daga Legas ko Abuja ko Kano zuwa nan. Kafin ta iso, kuɗin ya ninka ko ya fi. Na biyun kuwa, kuɗin sayarwa da gaggawa, sau da yawa ko rabin wancan ba ya kaiwa. Ka kuma yi hattara da masu cewa kayan da suka saya shekarun baya sun yi daraja. A watan Yunin 2023 aka saki naira, dalar da take wajen 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a farkon 2024. 'Yar tsana tana nan a dala 12 ɗinta, naira ce ta faɗi.

To yanzu ka ga inda ake cin sabon shiga a musaya. Ka san yadda ake yi a kasuwar waya: taka a kimanta ta da kuɗin gwanjo, tasa da kuɗin sabuwa a kwali, sannan a ce ka yi ciko. Haka nan ma. Zai lissafa ukunsa da kuɗin da ya kashe suka iso Abuja, ya lissafa taka da cewa ai a Gombe ba mai saye. Kada ka yarda a auna da mudu biyu. Ko duka huɗun a kan farashin da aka sayar a eBay, ko duka huɗun a kan kuɗin isowa Najeriya.

Uku a kan ɗaya yana da daɗin ji, amma ka tambayi kanka me ya sa mutum zai rabu da uku. Galibi na gama-gari ne da suka yi masa kwantai. Guda ɗaya da ake nema ta fi saurin fita a kan uku da kowa yake da su, don uku na bukatar masu saye uku, ciniki uku, kuɗin mota uku. Shi ya sa a al'adar masu musaya, wanda ya ba da guda ɗaya mai wuyar samu shi ake ɗan fifitawa: jimillar ukun ta ɗara kuɗin tasa, ba ta yi daidai da shi ba. A ganina sharaɗi biyu ne za su sa ka karɓa. Jimillarsu ta wuce taka da abin da ido zai gani, kuma aƙalla biyu daga cikinsu kai da kanka kana son ka ajiye su. In ba ka son su, kwantan wani ka ɗauko ka kawo ɗakinka. A nan gara ka ce ya ba ka ɗaya da kake so, ya cika da kuɗi.

Duk wannan lissafi banza ne in ukun jabu ne, kuma jabu ya cika kasuwa, har na masu araha ana bugawa. Ba a cinikin biri a sama. Ka ɗauko ɗaya daga cikin naka, tunda daga kantin Ingila suka fito, ta zama ma'auninka. Juya kwalin ka dubi gindinsa. Za ka ga wata lamba da aka buga ko aka manna, tana farawa da haruffa irin su JJL ko FAC ko DRM, lambobi na biye. Buɗe kwalin a hankali ta ƙasa, da bakin wuƙar da ba ta da kaifi don kada leɓen ya yage, ka zaro robar da take riƙe da ita. A tafin ƙafarta ko a ƙarƙashin kai za ka ga sunan Funko da shekara da sunan mai haƙƙin hoton, kuma a mafi yawansu za ka sake ganin lambar nan ta gindin kwali. In ta kwali daban ta jiki daban, ka tsaya. Sannan ka dubi farin layin da ya zagaye hoton da ke gaban kwali: a na asali kaurinsa ɗaya ne ko'ina, a jabu yakan yi kauri nan ya sirance can. Rubutun jabu yakan yi dishi-dishi, launi ya yi duhu ko ya koɗe, idanu su kauce daga inda suke a hoton kamfani. Amma ɗan zubar fenti a gefen gashi ko takalmi ba hujja ba ce. Na asali ma suna zuwa da shi, don aikin gaggawa ne na masana'anta. Sitika kuma ita ce mafi sauƙin bugawa, ana ma ɓamɓaro ta daga wani kwali a manna wa wani. Ita 'yar tsanar za ka duba, ka ga ko tana da bambancin da ya kamata. Shi ma mutumin Abuja yana da haƙƙin ya nemi duk wannan a kan taka, ka ba shi ba tare da jin haushi ba.

Kwali kuwa, a wannan harka rabin kaya ne. Na san abin yana ba mutanenmu mamaki, amma haka kasuwar take: lotsewar kusurwa ɗaya, ko karce a farar robar gaba da ake leƙen kaya ta cikinta, yana rage kuɗi sosai, wadda ba ta da kwali kuma kuɗinta ya faɗi warwas. Ka nemi hoton kowane kwali ta fuska shida, a hasken rana, da takarda a gefe mai ɗauke da sunansa da kwanan wata da rubutun hannu, don ka tabbata ba hoton wani ya kwaso ba. Daga nan ku yi kiran bidiyo ya jujjuya maka su. Naka aibin ma ka faɗa tun kafin a tambaye ka. Masu harkar nan a ƙasar ba su da yawa, duk sun san juna, kuma suna ɗaya tak gare ka.

Wa zai fara aikawa? Al'ada ita ce wanda ba a sani ba shi ke farawa, wato kai. Kada ka yi haka da mafi darajar kayanka. Ku nemi mutum na uku da kuka yarda da shi, ko shugaban zauren, ko ɗan'uwanka da ke Abuja, kowa ya kai masa nasa, ya duba, ya miƙa, a ba shi 'yar la'ada. In kana da mai zuwa Abuja, hannu da hannu a wurin jama'a ya fi komai. Ka kuma tambayi 'yan zauren a fili ko akwai wanda ya taɓa ciniki da shi, sannan ka bi waɗanda suka amsa ɗaya bayan ɗaya, don ɗan damfara yakan ajiye masu yi masa shaida. In akwai cikon kuɗi, kada hoton rasit ko saƙon alat ya ishe ka. Buɗe manhajar bankinka ka ga kuɗin da idonka.

Wajen aikawa, ko ta Gombe Line ko ta wani direba a tasha ko ta kamfanin aika saƙo, kada ka kuskura ka sa kwalin a leda ka miƙa. But ɗin mota ba ya tausayin kaya: buhun wake zai hau kai, jarkar manja tana gefe. Ka sa kwalin cikin rigarsa ta roba mai tauri in kana da ita, ka naɗe, ka sa cikin wani kwali mai kauri wanda ya fi shi girma da yatsu biyu ta kowane gefe, ka cusa takarda har sai ka girgiza ba ka ji motsi ba. Da damina ka rufe na wajen da leda. Ka ɗauki bidiyo kana ɗaurewa, ka ɗauki lambar mota da ta direba, in nasa ya iso kuma ka ɗauki bidiyo tun daga yanka selotef. Rigima in ta taso, wannan ne shaidarka.

Kafin nan ma, ka kula da biyar ɗin da ke ɗakinka, don yanayinmu ba ya raga wa irin wannan kaya. Zafin Maris da Afrilu a Gombe yana kaiwa wajen digiri 40, ɗaki mai rufin kwano ba sili kuma ya fi haka. PVC in ta sha zafi takan yi laushi, nauyin kai ya rinjayi ƙafafu, ka tarar ta karkace. Wani lokaci man da ke cikin robar ya tsattsafo, jikinta ya yi danƙo. Rana tana cin launin kwali ta mayar da farar roba ruwan ɗorawa, don haka ban da bakin taga, ban da gaban mota. Ƙurar hunturu kada ka goge ta da busasshen tsumma a kan robar gaba, karce za ta bari. Ka kaɗe da burushi mai laushi. Da damina kwali yana shan danshi, gara da kyankyaso kuma abincinsu ne, saboda haka a ɗaga daga ƙasa, a janye daga bango. Hayaƙin turaren wuta da na maganin sauro yana kama kwali ya zauna, feshin maganin ƙwari yana ɓata fenti. In jikinta ya yi datti, ruwa da ɗan sabulu a tsumma ya isa. Kananzir da fetur da abin goge farce suna cinye fentin. Ƙannenka kuma, a wurinsu abin wasa ne, ka sa inda hannu ba ya kaiwa.

Akwai maganar da ba ka yi ba, amma za a yi maka ita a gida in ba a riga an yi ba, kuma ba zan tsallake ta ba. Waɗannan mutum-mutumi ne na masu rai. Mafi yawan malamai sun hana ajiye cikakken mutum-mutumin mai rai don ado, sun yi rangwame a 'yar tsanar yara saboda hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito cewa Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, tana wasa da 'yan tsana. Ko wannan rangwame ya shafi baligi mai tarawa da sayarwa, hukunci ne na malamai. Ka ɗauki guda ɗaya ka kai wa malamin da ka yarda da iliminsa ya gani da idonsa, ka gaya masa gaskiyar abin da kake nufin yi da su, tun kafin ka zuba kuɗi. Ta fuskar kasuwa ma maganar tana da tasiri, don tana cikin dalilan da suka sa masu saye a nan ba za su yi yawa kamar na Legas ba.

Batun sana'a, amsata ita ce a'a, ba a matsayin jarin da za ka ajiye ya haihu ba. Mai buga kayan yana da ikon ƙaro shi duk ranar da ya ga dama, har wanda aka ce an daina bugawa yakan dawo da sabon kwali. A watan Maris na 2023 Funko da bakinsa ya sanar cewa zai zubar da kayan da suka kai dala miliyan 30 zuwa 36, saboda rumbunsa ya cika kuma kuɗin ajiya ya fi ƙarfin kayan. Labarin 'yar tsanar Labubu ta kamfanin Pop Mart na Chana ya fi kusa da mu a lokaci: a watan Yunin 2025 an yi gwanjon wata ƙatuwa mai tsayin santimita 131 a Beijin a kan kuɗin Chana yuwan miliyan 1.08, duniya ta ɗauka, jabu ya cika ko'ina, da kamfanin ya ƙara yawan bugawa kuma farashin 'yan sari-ka-sayar ya sauko. Irin waɗannan ma a rufaffen kwali ake sayar da yawancinsu, ba ka san wadda ke ciki ba sai ka biya ka buɗe, wadda ake nema ɗin kuma a wasu jerin ɗaya ce cikin 72. Wannan sayen gaibu ne, ɗalibi ba shi da kuɗin yin sa, ka nisance shi.

Inda ɗan abin samu yake shi ne oda. Wani ya ce yana son ɗan wasan Arsenal ko na Chelsea, ya ba da kafin alƙalami, ka haɗa oda biyar ko shida a kwali ɗaya don kuɗin jigila ya rabu, ka ɗora ribarka a fili. A nan 'yan ƙwallo sun fi na katun masu nema nesa ba kusa ba, don kowane gidan kallo cike yake da masoyansu, kuma mai sayen Salah don yana son Salah ba ruwansa da farashin eBay. Ba ka ajiye kaya, ba ka taɓa kuɗin makaranta.

Shi kuma mutumin Abuja, ka rubuta masa yau cikin ladabi. Ka nemi suna da lambar kowace daga cikin ukun, hotuna ta fuska shida da takarda mai kwanan wata, hoton gindin kwali da na tafin ƙafa, da sunan mutum biyu a zauren da suka taɓa ciniki da shi. Ka ce kai ma za ka turo naka haka, kuma ta hannun mutum na uku za a yi. In ya cika waɗannan, lissafi ya fita, kana kuma son kayan, ka sallama. In kuma kana son ka gwada shi tukuna, ka ce ku fara da ɗaya a kan ɗaya daga cikin na katun biyun da ba su da sitika, mai Chase ɗin ta dakata sai kun ga yadda na farko ya kaya.